Dutsen Patti na Lakwaja: a kansa aka raɗa wa Najeriya suna?

Bazazzagi: Assalamu alaikum. Masana, ana yawan cewa a saman dutsen Patti matar Gwamna Lugga ta hango kogin Kwara, wato Neja, ta raɗa wa ƙasar nan suna a 1914. Akwai ƙanshin gaskiya? Kuma me ya kai Turawa wurin tun farko?

Mai Alli: Wa alaikumus salam. Lissafin shekaru kaɗai ya rushe zancen. Flora Shaw ta kawo shawarar sunan ne a jaridar The Times ta Landan ranar 8 ga Janairu, 1897, tana ma'aikaciyar jaridar. Aurenta da Lugga sai 1902. Ita kuwa 1914 shekarar haɗe Kudu da Arewa ce. Abu uku aka zuba a tukunya ɗaya. Wanda ya tabbata a Lakwaja shi ne na 1 ga Janairu, 1900, ranar da aka sauke tutar Royal Niger, kamfanin Turawa da ke riƙe da yankin, aka ɗaga ta Ingila. Daga nan hedkwatar mulkin Turawa a Arewa ta koma Jebba, sannan Zungeru a 1902. Gidan hutun Lugga dai yana nan a saman dutsen, shi ke ƙara wa labarin gishiri.

Ɗan Kabawa: Malam ya gama magana a kan suna. Dalilin zuwa kuwa, mahaɗar Kwara da Binuwai ce: duk jirgin da ya taso daga Nufe ko Adamawa ta ƙasan dutsen zai bi, kuma daga tsayin mita 458 ana hango shi tun daga nesa. A 1841 Turawa suka karɓi fili a nan daga hannun Atta na Igala don kafa gonar gwaji. Zazzaɓi ya kashe musu mutane da dama, gonar ta watse. A lokacin sun ɗauka tururin fadama ke kawo ciwon, ba sauro ba. Sai a 1854 likita Baikie ya riƙa bai wa mutanensa kwinin kullum, ya dawo bai rasa ko ɗaya ba. Shi ne daga baya ya kafa zango a gindin dutsen, da yardar Sarkin Nufe Masaba.

Mai Alli: In bincike za ka yi, ɗan'uwa, je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ka nemi fayilolin Lokoprof, wato takardun ofishin lardi na Lakwaja. A tsofaffin takardu "Patteh" ake rubutawa, in ka nemi "Patti" kawai za ka tsallake da yawa. Tarihin baka kuma kada ka tsaya a bakin mutum ɗaya. Oworo, Nufawa, Kakanda da Igala kowa da nasa bayanin kan mallakar wurin, sai ka rubuta wa ya faɗa, a wace unguwa.

Ɗan Kabawa: Kada ka hau da hunturu, hazo ke rufe mahaɗar. Ƙarshen damina ya fi, da sassafe. In ka sauko ka ratsa unguwar Kabawa, maƙabartar sarakunan da Turawa suka tuɓe tana can. Sarkin Kano Alu a Lakwaja ya rasu a 1926. Shi ma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi a can ya rasu. Allah ya jiƙansu.