Baƙin mai a kan buji: wa abin ya taɓa samu?

Mai taksi daga Bukoki:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda abin ya taɓa samu. Taksina mai silinda huɗu ce, ta haura shekara 20 a duniya. Yau kwana huɗu ke nan in na tsaya sai ta kama rawa kamar za ta mutu, in kuma na kwaso fasinja daga Harobanda na hau gadar Kennedy a nan Yamai, sai in ji ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Jiya na shiga wani garaji. Yaron ya zaro bobin na biyu, wato abin da ke kai wa buji wuta, sai ga shi sharkaf da baƙin mai har yana ɗiga. Ya kwance bujin, shi ma duk mai. Maigidansa ko sake dubawa bai yi ba ya ce segiman, wato zobban fiston, sun ƙare, sai an sauke inji. Kuɗin da ya yanka mini ya fi abin da nake samu a wata biyu. Motar nan da ita nake ci da iyali, shi ya sa ban yi barci ba daren jiya. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini.

Tsohon makaniki, Wadata:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, kada ka bari a taɓa injin nan tukuna. Tambaya ɗaya zan yi maka: a ina man yake?

Buji kashi biyu ne. Akwai sama, wato farin tangaran ɗin da bobin ke hawa kansa, wanda ke zaune cikin rami. Akwai kuma baki, ɗan ƙugiyar nan da ke cikin silinda inda wuta ke tashi. In a sama man ya taru, daga murfin inji ya zubo. Ƙarƙashin murfin akwai jowan na roba, kuma kowane ramin buji da zoben robarsa. Zafin inji ga zafin garinmu, wanda a Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40, suna busar da robar nan har ta koma kamar busasshiyar fata. Na sha cire ta tana karyewa a hannuna gutsure-gutsure. Daga nan mai ya riƙa tsiyaya cikin ramin, ya jiƙa robar bobin, wuta ta riƙa tserewa gefe, silindar ta daina aiki daidai. Rawar da kake ji ke nan. Wannan ba ya buƙatar sauke inji, aikin awa ɗaya ko biyu ne.

Kuskuren da yaron ya yi shi ne kwance bujin ba tare da ya tsane ramin ba. Da zarar ka kwance, man da ya taru sai ya gangara ta zaren ya shafe bakin, kowa ya gani ya ce daga ciki ne. Ni tsumma nake naɗawa a kan dogon turnabis in tsane ramin tas kafin in sa kile 16. Ka ce bobin ɗin kansa yana ɗigar mai, to man da ke cikin silinda ba ya hawowa can. Motarka tana hayaƙi? Tana shan mai?

Mai taksi daga Bukoki:

Baba, ba ta hayaƙi, ko da safe. Mai kuma daga vidanj (canjin mai) zuwa vidanj kaɗan nake ƙarawa. Amma na lura gefen murfin kullum da danshi, ƙura na manne masa.

Direban Tawa:

Ni kam nawa segiman ɗin ne da gaske, bari in hwaɗa maka yadda alamunsa suke don ka gwada da naka. Shekara shida ina hanyar Tawa zuwa Yamai, ta Tsarnawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, kilomita ɗari biyar da wani abu ko wace tahiya. Hiltar iskata ta yage a gefe ban sani ba, ni dai kullum sai in sa yara su hure ta da iska a maida. Hunturu guda motar ta yi tana shaƙar ƙura kai tsaye. Ƙurar nan tamkar yashi take cikin silinda, ita ta cinye segiman.

Da abin ya yi nisa, in na taka totur sai shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayana, mai warin ƙonannen mai. Kahin in kai Dosso sai na ƙara mai. Da munka kwance buji, sama a bushe yake tsab, amma bakin baƙi ƙirin, da wani kauri mai maiƙo kamar kwalta. Huɗun duka haka. Da anka buɗe inji, da yatsa kake jin zanen da ƙura ta yi jikin silinda. Na biya kuɗi masu yawa, kuma laihina ne, don hiltar da na ƙi sauyawa ba ta kai kuɗin cin kwana biyu ba. Naka bai yi kama da wannan ba.

Malama daga Yantala:

Malam, ni tawa daban ce da ta su biyun. Da safe in na tada mota zan tafi makaranta, sai ta fitar da shuɗin hayaƙi na ɗan lokaci, ya ɗauke, ba zan sake ganinsa ba sai in ta daɗe a tsaye tana aiki sannan na taka. Maƙwabciyata ce ma ta fara nuna mini. Buji biyu ne bakinsu ke yin maiƙo. Wanda ya duba ya ce robobin supap (bawul ɗin silinda) ne suka bushe: da dare mai yana zirarowa ta jikin sandar supap ya kwanta cikin silinda, da safe ya ƙone. Ya canza su ba tare da ya ɗaga kulas (kan inji) ba, iska ya hura cikin silindar don kada supap ya faɗa ciki. Shekara biyu ke nan ban sake ganin hayaƙin ba.

Ɗan Katako:

Ku duba ɗan bawul ɗin numfashin inji da ke kan murfi, da tiyonsa. In ya toshe, iska na cika cikin inji ta tura mai ta duk inda ta samu. Cire shi ka girgiza, mai lafiya yana ƙara kacau-kacau. Sannan a duba joj, sandar auna mai, wasu in sun yi vidanj mai yana wuce layin sama. Kai dai zuba 20W-50 mai kauri, rawar za ta ragu.

Mai valiz (na'urar gano matsalar mota), Lazare:

Yaya, maganar bawul gaskiya ce, amma ta mai kauri ban yarda ba. Mai kauri yana ɓoye hayaƙi na ɗan lokaci a injin da ya gaji, ba ya gyara robar da ta tsage. A zuba abin da littafin motar ya ce.

Malam mai taksi, in an sa valiz zai nuna lambar silindar da ke ɓata wuta: P0301 ta farko, P0302 ta biyu, haka har P0304. Segiman kuwa ba a yanke masa hukunci da ido, awon kwampiresho, wato ƙarfin matsin silinda, ake yi. A cire buji duka, a danne totur, a auna kowace silinda. Bai kamata su bambanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata cokali ɗaya na mai a sake aunawa. In allurar ta tashi sosai, segiman ne. In ba ta motsa ba, a nemi supap ko jowan kulas. Kuma ka shinshina bakin bujin: in baƙin a bushe yake kamar toka ko yana warin esans, wannan matsalar esans ce, ba ta mai ba. Kada ka daɗe kana yawo da ita haka, esans ɗin da bai ƙone ba yana lalata katalizar, matatar hayaƙin da ke jikin salansa.

Tsohon makaniki, Wadata:

Yaron nan ya faɗi daidai. Ƙari ɗaya: a bar inji ya huce kafin a kwance buji, don kulas na alminiyam ne, zarensa na saurin lalacewa. Ƙusoshin murfi kuma a ɗaure su a hankali daga tsakiya zuwa gefe, ba da ƙarfin tsiya ba. Kada a shafe ko'ina da silikon, ɗigo kaɗan a kusurwoyi ya isa.

Mai taksi daga Bukoki:

Alhamdu lillahi, ga yadda aka ƙare. Na kai ta wani garajin na ce a auna kwampiresho tukuna. Huɗun duka kusan ɗaya suka nuna. Da aka ɗaga murfi, zoben ramin na biyu ya tsage gida biyu, na uku ma ya fara jiƙewa. An sa sabon jowan da zobba, buji huɗu, da bobin ɗaya don robarsa ta kumbura. Bawul ɗin ma an wanke shi, na kuma canza filtar iska saboda labarin yayana na Tawa. Kafin la'asar na koma aiki, na hau gadar da mutum huɗu ba ta yi rawa ba. Ranar Juma'a zan sake zaro bobin na biyu in ga ko ramin a bushe yake. Allah Ya saka muku da alheri, Baba na gode ƙwarai.