Ƙanina ya dawo daga ci-rani, kwana uku bai runtsa ba, wai "ayis" ne?

Yayan gida, daga ƙasar Ringim:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min. Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya tafi ci-rani kudu bayan girbi yana dako a kasuwa, ya dawo satin da ya wuce don sharar gona amma wlh kamar an musanya mana shi. Ya rame, tuwo ko loma uku ba ya yi, kwana uku cur bai runtsa ba, tsakar dare sai ka ji yana kwance rediyo yana sake ɗaurawa, yana cizon haƙora, ga surutu ba kai ba gindi. Shekaranjiya ya ce akwai mutane a bayan rumbu suna leƙensa har ya ɗauko adda. Inna ta ce iska ce ko sammu, an kawo rubutu da hayaƙi. Ni kuma na tsinci ɗan bututun gilashi da ya yi baƙi a jakarsa da 'yar leda mai abu kamar dakakken gishiri, abokin tafiyarsa ya ce ayis ne. Mene ne shi, kuma ana warkewa?

Ma'aikacin lafiya a karkara:
Wa alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Duk abin da ka lissafa ya yi daidai da ayis, sunansa na asibiti metamfetamin, Inyamurai na ce masa mkpuru mmiri. Ba ganye ba ne kamar wiwi, haɗa shi ake da sinadarai, kuma a ƙasar nan ma ana dafa shi, tun 2011 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta fara gano wurin haɗa shi a Legas, a 2016 kuma ta kama wani babba a Asaba har da 'yan Meziko huɗu. Sai dai gsky ba mai iya rantsewa da abin da ke cikin ledar nan da ido, don akwai 'yan'uwansa da masu haɗawa ke ɗan sauya wa tsari don su zille wa doka, irin su mefedron da Ingila ta haramta a 2010, ana hana wannan sai wani ya ɓullo, duk farin gari ne ko ƙanƙara-ƙanƙara, shi kansa mai shan bai san me ya zuƙa ba.

Aikinsa shi ne ya tatso sinadarin jin daɗi na ƙwaƙwalwa gaba ɗaya lokaci guda, sai yunwa ta ɗauke, barci ya ɗauke, mutum ya ji zai iya noma gonar gari duka. Amma zuciya na ta gudu, jini ya hau, jiki ya ɗau zafi, kuma da wannan zafin bazarar namu in ya shiga rana ba ya shan ruwa ƙoda na iya lalacewa, saurayi ma na iya samun shanyewar ɓarin jiki. Ganin mutane a bayan rumbu ɗin nan ƙwayar ce da rashin barci suka haɗu. In ka ji jikinsa ya yi zafi rau, ko yana ciwon ƙirji, ko ya fara jijjiga, kar ku jira gari ya waye ku nemi mota zuwa babban asibiti.

Abin da na fi so ka riƙe: in ƙwayar ta sake shi zai kwanta barci kamar gawa kwana ɗaya biyu, ya tashi da baƙin ciki mai tsanani, a nan ne wasu ke tunanin kashe kansu, kar a bar shi shi kaɗai, a ɗauke adda da igiya da maganin feshi daga ɗakin. Ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau. Ana samun sauƙi, amma sai an jure watanni.

Tsohon ɗan ci-rani:
Malam ya faɗi gaskiya. Ni na zauna da yara masu sha, farko kyauta ake ba su wai maganin gajiya ne ka yi dako dare da rana, to kuɗin dakon duk can yake komawa. Akwai wanda na sani haƙoransa duk sun ruɓe yana ta sosa hannu har jini wai ƙwari na yawo a fatarsa. Ka binciki wa yake kira a waya, in ledar ta ƙare zai nemi wata.

Wata uwa daga Ɗambatta:
Ɗana, ka lallaɓa Inna, addu'a ba ta hana asibiti, a haɗa duka. Amma dan girman Allah kar ku ɗaure shi da mari ko ku sa samari su dake shi, mai ganin ana binsa in aka taru a kansa abin ƙaruwa yake. Mutum ɗaya da yake jin maganarsa ya zauna da shi, a hankali, a riƙa miƙa masa ruwa da kunu.

Yayan gida, daga ƙasar Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tun bayan la'asar barci ya kwashe shi a zaure har yanzu bai motsa ba, na duba yana numfashi lafiya, na kwashe addar da galan ɗin feshi na kai gidan kawu. Inna ta yarda in dai da ita za a je. Malam, in ya farka goben mu wuce Kazaure kai tsaye ko sai mun fara karɓo takarda a asibitinmu na nan? Kuma ledar in tafi da ita in nuna wa likita ko kuwa?