Karena ya fara yi wa yaran gida gurnani: yana gyaruwa ko in rabu da shi?

Baban Nana, unguwar Zariya, Maraɗi:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema a kan kare, don Allah wanda ya san harkar ya taimaka mini.

Ina da kare namiji, Duna, watansa bakwai. Daga wani ƙauye wajen Jiratawa aka kawo mini shi bai fi sati shida da haihuwa ba, bayan an haura mana katanga an kwashe tumaki. Karen gida ne irin namu. Da rana yana ɗaure da sarƙa a gindin dogon yaro kusa da zaure, in an rufe ƙofa bayan isha'i mu sake shi. An ce mini in yana yawo cikin mutane da rana zai saba da kowa, ya daina tsaro.

Yanzu abin ya fi ƙarfina. In almajiri ya yi sallama ko ɗan ga-ruwa ya shigo, sai ya zaburo har sarƙar ta shaƙe shi. Takalman gida ya tattaune su. Rannan ya kuɓuce, ya bi wani mai babur har bakin kwalta, da ya dawo ya kashe kazar maƙwabta. Ƙanena yana zane shi da tiyo duk sa'ad da aka tarar da ɓarna. Yana ganin tiyon zai lafe, ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya cikin ƙafafu kamar ya san laifinsa, amma gobe ya sake.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne na shekaranjiya. Ɗiyata ƴar shekara huɗu ta matsa kusa da kaskonsa yana cin tuwo. Sai ya tsaya cak, ya ɗage leɓe, fiƙoƙi a waje, ya yi wani gurnani da ban taɓa ji ba. Bai cije ta ba, amma uwarta ta ce ba ta ƙara kwana gida ɗaya da shi. Ni kuma ina son karen, kuma tun zuwansa ba a sake haura mana ba. Ba a yi masa allura ba tukuna. Yaya zan yi?

Alhaji na bakin kasuwa:
Wa alaikumus salam. Baban Nana, ɗiya ta fi tumaki. Ka ba da shi ka huta, ka ƙara tsawon katanga.

Tsohon mafarauci daga Tibiri:
Ɗana, kada ka yi gaggawa. Karenka ba mugu ba ne, ɗauri ya yi mishi yawa. Kare mai wata bakwai jini na tafasa gare shi, shina son gudu, shina son shinshina ƙasa, ku kuma kun turke shi wuri guda tun hantsi har dare. Wanda ke bisa sarƙa ba shi da wurin gudu in ya ji tsoro, abin da ya rage mishi sai haushi da haƙori. Ka dubi karnukan Buzaye na Azawak, masu dogayen ƙafafu. Cikin zango suke kwana, tare da yara da ƴan awaki, ba sarƙa, amma baƙo ba ya kusantar tanti ba su tashe mutane ba. Kare shina tsaron wurin da ya ɗauka nashi ne da mutanen da ya ɗauka nashi ne. In bai san mutanen gida ba, wa za shi bambanta da ɓarawo?

Ga yadda muke yi da namu. Mutum guda ke ba shi abinci, kuma kai ne, ba ƙanenka ba, tun da hannunshi ya riga ya zama na duka. Bayan sallar asuba ka sa mishi igiya mai tsawo ka fita da shi ta wajen gulbi, kafin mutane da babura su cika hanya. Bar shi shi shinshina, kada ka ja shi. Ka zuba gutsattsarin ƙuli-ƙuli marar yaji a aljihu. Ka kira sunanshi sau guda, «Duna, zo». Ya waiwayo, ya tako, ka ba shi nan take, ka shafa ƙirjinshi. Bai zo ba, kada ka yi ta maimaitawa, ja baya kaɗan ka tsuguna, za shi biyo ka. Kuma har abada kada a kira sunanshi don a buge shi. Karen da aka kira aka daka, ranar da ya bi babur ko maƙogwaronka ya tsage ba ya juyowa.

Zancen kaza kuwa, wasu za su ce ka rataya mishi mushen kazar a wuya, wasu su ce ka zuba mishi barkono cikin tuwo shi ƙara zafi. Duka biyun cuta ce. Ka riƙe shi da igiya nesa da kaji, inda shina ganinsu amma bai zabura ba. Ya dubi kaza ya maido ido gare ka, ba shi ƙuli. Kullum a rage tazara kaɗan. Amma in gaya maka gaskiya, wanda ya taɓa kashe kaza ba a barin shi da kaji ba mai ido. Ka kuma biya maƙwabcinka kazarshi tun bai tambaya ba.

Sani mai walda:
Baba, a gafarce ni, amma kare ba ya jin magana sai da bulala. Shi kansa mai tambayar ya ce in ya ga tiyo yana lafewa. Ai ya san ya yi laifi ke nan.

Malamin dabbobi:
Malam Sani, wannan lafewar ita ke ruɗin mutane. Tsoro ne. Kare yana haɗa abin da ya yi da abin da ya same shi ne in sun zo a tare, cikin ƴan daƙiƙoƙi. Takalmin da ya tauna da dare, aka doke shi da safe, abin da ya koya kawai shi ne mutumin nan in ya fito da tiyo akwai wuya. Shi ya sa gobe yake sakewa.

Baban Nana, kafin komai ka kai shi wajen likitan dabbobi cikin satin nan a yi masa rigakafin haukan kare. Tun yana wata uku ya kamata. A ba ka takardar shaida, ka ajiye, kuma a riƙa sabuntawa kowace shekara. A ba shi maganin tsutsar ciki, a duba kaska a kunnuwa da tsakanin yatsu, don kare mai ciwo ko ƙaiƙayi ya fi saurin fushi. Hukumar lafiya ta duniya ta ce har kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa da wannan ciwo daga kare suke samunsa, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda yake kashewa yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamu suka bayyana a jikin mutum, babu magani. Saboda haka kowa ya riƙe wannan: in kare ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti ranar, kada a tsaya ɗaura gashin kare ko toka. Karen kuma kada a kashe shi a jefar, a killace shi likitan dabbobi ya sa masa ido.

Taunar takalma ba iskanci ba ce. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, yana famfara daga wajen wata uku zuwa huɗu, kafin wata bakwai na manya 42 sun fito. Dasashinsa na ƙaiƙayi, ga zaman kaɗaici. A kwashe takalma a sa ɗaki, a ba shi abin taunarsa, busasshiyar ganda ko igiya mai kauri da aka ƙulle. Ban da dafaffen ƙashin kaza ko na zabo, yana tsagewa ya huda hanji. Ban da albasa da tafarnuwa da goro. Kuma kada a ba shi maganin ciwon kai na mutane.

An kuma raba shi da uwarsa da wuri. Sati takwas ya fi, domin a wasa da ƴan uwansa kwikwiyo ke koyon sassauta cizo. Tsakanin sati uku zuwa kamar sha biyu ne yake saurin sabawa da yara da baƙi da ƙarar babur, naka kuwa a sarƙa ya yi yawancin lokacin. Zai koya har yanzu, sai dai a hankali.

Sai gurnanin. Na san ya tsorata ku, amma ni na gode Allah da ya yi shi. Gurnani kashedi ne, cewa yake a ja baya. In aka doke shi saboda gurnani, zai daina gurnanin ya bar tsoron a ciki, ran da yarinya ta sake matsowa sai dai ku ji ihu. Kafin gurnani ma akwai alamu: ya daina tauna ya sandare, ya sunkuyar da kai kan kasko yana kallo ta gefen ido har farin idon ya fito, ya yi ta lasar baki ko hamma ba barci yake ji ba. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce. In ta miƙe sama tana rawa da sauri, jiki a ƙage, a yi nesa.

A riƙa ba shi abinci sau biyu a rana, a wurin da yaro ba ya iya shiga, a ɗauke kaskon in ya gama ya bar wurin. Kai kaɗai, in yana ci, ka wuce daga nesa ka jefa masa ɗan huhu ko tsokar da ta fi abin da ke kaskon, ka yi gaba abinka. Kada ka sa hannu a kaskon, kada ka ƙwace don gwaji. Da sannu zai gane mutum in ya matso ƙari yake kawowa.

Maman Abdul, unguwar Ali Ɗan Sofo:
Yaya, ni ta wajen matarka nake, tsoronta gaskiya ne, kada ka ce ta cika tsoro. Amma ka zauna gida yini ɗaya ka ga abin da ke faruwa a bakin zauren nan. Muna da kare a gidanmu, da idona na ga yaran unguwa suna leƙowa su jefe shi da tsakuwa, su tsokane shi da kara, su ruga suna dariya, shi kuma yana ɗaure yana ta tuma. Wanda ya sha haka kullum, duk ƙaramin yaro abokin gaba ne a wurinsa. Mun ɗauke shi daga bakin ƙofa, muka zagaye masa wani lungu da waya a bayan ɗaki, da rumfa da ƙofar da ke kulluwa, yana yawo a ciki ba sarƙa. Yaranmu kuma mun kafa musu doka: ba a zuwa wurinsa yana ci ko yana barci, ba a hawansa, ba a jan wutsiya, in ya biyo ka kada ka gudu, ka tsaya cik ka naɗe hannu ka kau da ido. Ƴar shekara huɗu ba ta riƙe doka, sai dai babba ya riƙe mata. Kada a bar su su biyu ko na ɗan shiga ɗaki a fito.

Ruwa kuma, don Allah. Bazarar Maraɗi zafi na wuce digiri 40, kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake huce jiki. Inuwar icce tana juyawa da rana, shi kuma sarƙa ba ta bin ta.

Malam na makarantar allo:
Maganar Maman Abdul ta ƙarshe ita zan ƙarfafa. Hadisi ya halatta riƙon kare don farauta da kiwo da gona, malamai da yawa sun haɗa da tsaron gida in akwai buƙata, kai kuwa dabbobi kake tsarewa. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai ƙwaryar da ya sa baki a wanke ta sau bakwai, a kuma ware masa kaskonsa da wurinsa. Koyar da shi ma an ambace ta a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida. Amma wanda ya tsare dabba, ci da shanta da inuwarta suna wuyansa, za a tambaye shi.

Baban Nana:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An yi allurar, an cire masa kaska cike da kunne. Tiyo ya koma wurin famfo, mun fara haɗa lungun waya. Uwar Nana ta ce za ta gani tukuna. Sai dai, Baba, in na fita da shi ja na yake yi kamar zai tsinke igiya, in ya ji babur kuma ba ya ko kallon ƙulin.

Tsohon mafarauci daga Tibiri:
In bai dubi ƙuli ba, kun yi kusa da hanya da yawa. Koma baya har inda shina jin babur amma shina karɓa daga hannunka, daga nan za ka fara. Ka fita da shi kafin shi ci, kuma ka canza ƙulin da ɗan busasshen nama. Zancen ja, igiya ta miƙe ka tsaya kamar an dasa ka, ba magana, ba fizga. Ta yi sako-sako, ka ci gaba. Ranakun farko ba za ku yi nisa ba, kada shi dame ka. Ka sa mishi abin wuya mai faɗi na fata, yatsa biyu na shiga ƙarƙashi, ka cire zargen igiya.

Ka ba shi wata biyu haka, kullum, ba yau da jibi ba. In bayan nan har yanzu shina sandarewa in ya ga yarinyar, ko kun ga ba ku iya raba su da rana, to maganar Alhaji ta tabbata. Sai ka nemi mai garka ko makiyayi da ba shi da ƙananan yara kusa, ka gaya mishi halin karen duka, ka haɗa mishi da takardar allura. Kada dai ka kai shi bayan gari ka yasar. In ka rasa mai so, ka yi mini magana, akwai masu garka a nan Tibiri da ke neman kare.