Neman kalma: me za a kira "trail" kafin ƙarfe 8?

Rabi Wasanni: Salamu alaikum. Ina da shiri yau ƙarfe 8 na dare, kuma rahoton da aka miƙo mini da Faransanci yake, kan Marathon des Sables na ƙasar Maroko. Kalmar "trail" ce ta tsaya mini a wuya. Ba gudun titi ba ne. Kusan kilomita 250 ne cikin Sahara, an kasa shi shida, kowa na goye da abincinsa da abin kwanciyarsa, masu shiryawa ruwa da tanti suke bayarwa. Wasu na gudu, da yawa takawa suke yi. Me zan faɗa wanda manomi a Jiratawa zai gane nan take?

Ɗan Gulbi: Gudun yada ƙanin wani mana. An gama.

Rabi Wasanni: Wannan na riga na ba maraton, mai kilomita 42 da mita 195. In na sake kiran wannan da shi, mai sauraro zai ɗauka abu guda ne, alhali wancan kafin azahar an watse, wannan kuwa mako ake yi.

Sani Mai Shago: Gudun dawa.

Ɗan Gulbi: Sani, ka ji tsoron Allah. Kana so Rabi ta ce wa Maraɗi duka Turawa sun biya kuɗi sun je Maroko yin gudun dawa?

Hajiya Ta Zariya: Wayyo cikina! Ai sai a aika musu da ruwan gishiri da sukari.

Sani Mai Shago: To gudun daji.

Ɗan Gulbi: Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Kunne ɗaya zai ji su.

Mushe Ila: Mu a lakwal kuros muke cewa, yara su zaga bayan gari su dawo. Sai dai kuros gajere ne, ba a ɗaukar kaya, kuma wanda ya tsaya takawa dariya ake yi masa. Ina ganin tattaki ya fi kusa.

Hajiya Ta Zariya: Tattaki ba gasa ba ce, Mushe. Wanda ya tako daga Legas zuwa Abuja a 2015 don murnar zaɓe tattaki ya yi, ba wanda ya riƙe masa agogo.

Baba Na Tibiri: Ku yara kun cika son wahala. Kalma tana nan: sassarfatau. Daga sassarfa, wadda ba gudu ba ce ba tahiya ba, tsakani take. Ka ƙara mata -tau kamar yadda muke da mantau da makarau. Na daɗe ina hwaɗin a karɓi kalmar ga. Ɗiyata Rabi, ki sa ta yau, gobe gari ya ɗauka.

Mushe Ila: Baba, da girmanka, mantau mutum ne mai mantuwa. Ke nan sassarfatau mai yin sassarfar ne, ba gasar ba.

Baba Na Tibiri: Wa ya kafa wannan doka? Halshe na mai magana da shi ne.

Habu Injiniya: Bari in sa baki, don na shiga irin wannan gasa lokacin da nake karatu a Maroko, ƙarama dai, ta yini guda cikin duwatsu. Sassarfa ba ta kama abin ba, Baba. A kan shimfiɗaɗɗen wuri kana gudu sosai. In ka iso hawa, kowa takawa yake, har na gaba-gaba, hannu dafe da gwiwa ko riƙe da sanduna biyu. A gangara kuma ka saki jiki, yatsun ƙafa na dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi. A kowace tasha sai an duba lambarka, ka cika gora, ka haɗiye ƙwayar gishiri, kuma in ka iso bayan lokacin da aka yanka an cire ka ko da sauran ƙarfinka. Na ga wani dattijo zaune kan dutse ya tuɓe safa yana huda bororon da ya fito masa a diddige da allura, ya naɗe da filasta, ya miƙe ya ci gaba. Abin da ya raba wannan da maraton shi ne ƙasar da ake takawa: rairayi, tsakuwa, kwazazzabo, turbar awaki. Kalmar ta nuna wurin, kar ta tsaya kan saurin ƙafa.

Rabi Wasanni: Yaya Habu, Allah ya biya. To wurin za mu kama. Tseren ratsa daji? Tseren turba?

Ɗan Gulbi: A BBC Hausa fanfalaki nake ji suna cewa. A bi su kawai.

Baba Na Tibiri: Ga irinta nan! Kullum sai mun jira Landan da Kano sun tauna sun ba mu. Mu Gobirawa da Katsinawan Maraɗi wa ya koya muna Hausa? Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce halshen ƙasa a Nijar, amma har yau kalma ba ta zama kalma sai ta ƙetaro Jibiya.

Hajiya Ta Zariya: Baba, dokar ba ta ce sassarfatau ba dai.

Baba Na Tibiri: Hajiya, dubi kokowa. Ana gasar takobi shekara da shekaru, da Hausa ake kiran kaye, da Hausa ake kirari, ba wanda ya je aron baki. Don abin namu ne muka riƙe shi. Kakanninmu fatake sun taka daga nan har Gwanja da ƙafa, ayarin gishiri na zuwa Bilma har gobe. Bature ya ɗora jaka ya yi mako guda, sai mu rasa sunan abin?

Mushe Ila: Nan kam Baba ya yi gaskiya, ko da ba ita ya nufa ba. Kalmomin fatake sun ishe mu rabin aikin. Kashi shidan nan zango ne. Abincin da suke goyo guzuri ne. Wanda ya san hanya ja-gaba.

Habu Injiniya: Zango ya zauna daram. Zango mafi tsawo a Marathon des Sables yakan haura kilomita 80, ana kwana ana tafiya da fitila a goshi. Rabi, in kina son su ji nisan gasar duka a jikinsu, ki ce kamar mutum ya tashi daga Maraɗi ya taka har Damagaram. Bafaranshe Patrick Bauer ne ya fara shirya ta a 1986, kuma Lahcen Ahansal, ɗan Zagora a can Maroko, ya ci ta sau 10. A 1994 guguwar rairayi ta ɓatar da wani ɗan Italiya, Mauro Prosperi, sai a Aljeriya aka tsince shi bayan fiye da mako.

Sani Mai Shago: Su kuma biya suke a yi musu wannan?

Habu Injiniya: Da tsada ma.

Sani Mai Shago: Allah ya kyauta. Su zo Dakoro da bazara, kyauta ne.

Ɗan Gulbi: Amma Sahara ba daji ba ce. Ina itacen?

Mushe Ila: Daji duk inda ba gari ba ne. Wanda ya ɓata a Tenere ai cewa muke ya ɓata a daji.

Rabi Wasanni: Lokaci ya tafi, bakwai saura. Ga abin da na rubuta: "tseren ratsa daji na zango shida, inda aka yarda a yi gudu ko a taka, kowa da guzurinsa a baya." Bayan jimlar farko sai in riƙa cewa tseren ratsa daji kawai.

Hajiya Ta Zariya: Ya yi. Ko da yake tsere da takawa ba su cika jituwa a kunnena ba. Gasar ratsa daji fa?

Rabi Wasanni: Gasa ta fi, Hajiya. Na canza.

Baba Na Tibiri: Kalma ukku inda guda ta isa. Ku yi yadda kuka so. Amma ɗiyata, ko sau guda ki ce masu shiga gasar sassarfatau ne, tunda Ila ya ce sunan mutum ne.

Mushe Ila: Ban ce na yarda da ita ba, Baba.

Rabi Wasanni: Zan gani in minti ya ragu, Baba. Yaya Habu, wannan ƙyallen da suke ɗinkawa a bakin takalmi don kar rairayi ya shiga, shi kuma fa?

Habu Injiniya: Ki ce rigar takalmi. Kar ki tambayi Baba.