Matan Sikandinabiya: murya ce kawai, ko su ke haɗa waƙar?

Ɗan Kwamfuta: Jama'a, ga magana zan ajiye a faifai, wanda bai yarda ba ya fito. Ana ta kururuta cewa mata sun karɓe waƙar zamani a Suwidin da Norwe da Denmak. Ni na ce makirufo suka karɓe da hoton gaban albam, amma kujerar da ke gaban kwamfuta har gobe ta maza ce. Ku buɗe sunayen da ke bayan waƙoƙin ku gani. Waƙoƙin da suka kai Robyn, mawaƙiyar Suwidin, Amurka a 1997, a situdiyon Cheiron aka yi su, hannun Denniz Pop da Max Martin. Da ta kafa nata kamfanin ma, Klas Åhlund ne ya ɗauki babban kaso na haɗa kiɗan. Waƙar da ta fito da Sigrid a 2017, da Martin Sjølie aka yi ta. Albam ɗin MØ na farko, Ronni Vindahl. Waƙar da Loreen ta ci gasar Eurovision da ita a 2012, Thomas G:son da Peter Boström ne suka rubuta. To ina karɓewar?

Uwar Amshi: Malam, sunayenka duk daidai ne, lissafin ne bai fita ba. Ka ɗauka wanda ya riƙe linzamin kwamfuta shi ya yi waƙar. A zaman rubutu irin na Stockholm, mutum uku ko huɗu ne a ɗaki, aikin kuma gida biyu ne. Ɗaya ya zo da gangar jikin kiɗa: ganga, bes, da jerin sautuka huɗu da ke ta maimaituwa. Sauran su ɗora kari da kalmomi a kai. Ana kunna kiɗan, mai ɗora kari ta tsaya gaban makirufo ta yi ta rera surutun da ba shi da ma'ana na minti goma ko sha biyar, sannan a zauna a tsince: wannan gaɓar ta zama baiti, waccan ta zama amshi. Sai daga baya a nemo kalmomin da suka dace da yawan gaɓoɓin. Abin da mutum yake rerawa a banɗaki washegari shi ne wannan karin, ba bugun gangar ba. A wannan ɓangaren kuwa mata sun yi fice. Ina Wroldsen 'yar Norwe ta rubuta wa Calvin Harris da Clean Bandit. Caroline Ailin, ita ma 'yar Norwe, tana cikin mutum ukun da suka rubuta waƙar da ta ɗaga Dua Lipa a 2017. Noonie Bao ta rubuta da Avicii da Charli XCX. Tove Lo kanta marubuciya ce kafin a san muryarta. Cazzi Opeia kuwa har Koriya ta Kudu ake sayen karinta.

Ɗan Kwamfuta: Hajiya, ai ni kika taya. Duk waɗanda kika lissafo marubuta ne. Ni furodusa nake tambaya, wato mai haɗa kiɗan.

Injiniya: Malam, tsaya mu duba abin da furodusa yake yankewa, sai mu ga wa ke yanke shi a zahiri. Na farko, ki ɗin waƙa, wato matakin da murya za ta zauna. Mai haɗa kiɗa ya kan gina kiɗansa a inda bes ya fi daɗi a lasifikarsa. Mawaƙiya ta zo ta ga amshin ya faɗo mata a tsakiyar murya, inda ba ƙarfi ba taushi, ta ce a ɗaga da rabin mataki uku (rabin mataki shi ne tazarar madanni biyu na kusa a piyano). Nan aiki ya dawo sabo. Abin da aka buga da madannai a kwamfuta yana ɗaguwa ba matsala, amma jita ko wani sauti da aka riga aka ɗauka, in aka ja shi fiye da rabin mataki biyu zuwa uku, sai ya fara ƙarar roba, dole a sake ɗauka. In kuma saukarwa aka yi, bes na iya gangarawa wajen 40 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti), inda lasifikar waya ba ta jin komai, sai an ƙara masa wani sautin a sama.

Na biyu, ginin murya, kuma nan ne salon Sikandinabiya ya fi fitowa. Muryar nan mai kama da raɗa a kunne ba haka kawai take zuwa ba. Ana matsowa kusa da makirufo, kamar santimita 10 zuwa 15, da tankaɗen iska a tsakani. Kusancin yana ƙara kauri, don haka a yanke abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz. Ana matse sautin sosai don raɗar ta fito, matsewar kuma tana tayar da numfashi da harafin "s", sai a bi a danne tsakanin 5 zuwa 8 kHz. Layi ɗaya a ɗauke shi sau goma sha wani abu, a tsinci kalma daga wannan, gaɓa daga wancan, a ɗinke. A amshi a ninka muryar, ɗaya kunnen hagu ɗaya na dama, a ɗora muryoyin rakiya a sama da ƙasa. Inda ake faɗuwa shi ne ƙarshen kalma: in muryoyi shida suka rufe "t" ko "s" a lokuta shida daban, sai ka ji kamar ana tsaki. Ƙwararriya ta san ta haɗiye baƙin ƙarshe a duk ninkin, ta bar wa babbar murya ita kaɗai. Wace murya za ta shigo a amshi na biyu, ina za a bar numfashi, ina za a cire, sau da yawa mawaƙiyar ce ke tsarawa. Wannan aikin furodusa ne tsantsa. Ko za a rubuta sunanta a wurin, wannan wata magana ce.

Barista: Wannan "wata maganar" ta Injiniya ita ce ainihin shari'ar, don can kuɗin yake. Waƙa ɗaya haƙƙi biyu gare ta. Akwai haƙƙin rubutu, wato kari da kalmomi, wanda hukumar STIM ke tara kuɗinsa a Suwidin, TONO a Norwe, Koda a Denmak. Akwai kuma haƙƙin ainihin sautin da aka ɗauka, wanda yawanci kamfanin faifai ke riƙewa. Mai haɗa kiɗa yana ci a duka biyun. A rubutu, ko dai a raba daidai tsakanin duk wanda ke ɗakin, ko a ba kiɗa rabi, kari da kalmomi rabi. A hanya ta biyu, in mata biyu suka yi karin, kowacce kashi 25 za ta samu, shi kaɗai ya tashi da 50. Sannan a ɓangaren sauti ya karɓi kuɗin aiki a hannu, da kashi 3 ko 4 cikin 100 na ciniki. Wadda ta tsara muryoyin, in ba a rubuta ta a matsayin furodusa ba, ko sisi ba ta da shi a wannan kason. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tashi daga zaman ba a cike takardar rabo ba, don kowa na jin kunyar kawo maganar kuɗi ana cikin raha. Bayan wata takwas waƙa ta fashe, kowane kamfani ya yi rajistar nasa kason, jimilla ta wuce 100, hukumar ta riƙe kuɗin sai an sasanta. Mai ƙaramin lauya shi ke sassautawa.

Amma Malam, in iko kake nema, dubi inda manyansu suka dosa. Robyn ta fitar da albam a ƙarƙashin Konichiwa, kamfaninta, tun 2005. A 2022 Tove Lo ta kafa Pretty Swede, a shekarar kuma Zara Larsson ta kafa Sommer House ta sayi haƙƙin tsofaffin waƙoƙinta. Mai kamfani ita ke ɗaukar furodusa aiki, ita ke sallamarsa.

Ɗan Kwamfuta: Barista, mai gida daban, magini daban. Kuma ba ni kaɗai nake faɗa ba. Binciken da cibiyar Annenberg ta jami'ar Kudancin Kalifoniya ta fara fitarwa a 2018 kan manyan waƙoƙin jadawalin Billboard na Amurka ya samu mata kusan 2 ne cikin furodusoshi 100. Kyautar Grammy ta furodusan shekara a ɓangaren waƙar zamani, Max Martin ya ci a 2015, mace ba ta taɓa ci ba.

Malamar Kiɗa: Alƙaluman na kasuwar Amurka ne, ɗan'uwa, amma ba zan yi maka gardama ba, a Suwidin ma gibin yana nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne "har gobe". Matsalar ba rashin koyarwa ba ce: ƙananan hukumomin Suwidin da Norwe suna da makarantun kiɗa na yamma masu sauƙin kuɗi, 'yan mata kuma sun cika su. Ga Rytmus a Stockholm inda Tove Lo ta yi karatu, ga Musikmakarna a Örnsköldsvik mai horar da marubuta waƙa da furodusoshi. Inda ake rabuwa shi ne bayan makaranta. Sana'ar furodusa a Stockholm gadon situdiyo ce: Denniz Pop ya raini Max Martin, Max Martin ya raini Shellback. Yaro ya shekara yana gyara muryoyi har dare kafin a ba shi waƙa. Wa ake gayyata ya zauna har ƙarfe uku na dare, kuma wa ke jin kwanciyar hankalin zama? A Nuwamba 2017 kusan mata 2,000 na masana'antar kiɗan Suwidin suka sa hannu a wata takardar koke kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Shi ya sa aka buɗe wasu ƙofofin daban. Popkollo ta fara sansanin kiɗa na 'yan mata a Hultsfred a 2003. Robyn ta ƙirƙiro bikin Tekla a 2015 tare da jami'ar fasaha ta KTH don 'yan mata su taɓa na'ura da hannunsu.

Uwar Amshi: Tunda sunaye yake so, a ba shi. Laleh, haifaffiyar Iran da ta girma a Suwidin, ita ta rubuta ta haɗa albam ɗinta na 2005, daga baya ta yi wa Demi Lovato aiki. Susanne Sundfør ita ta haɗa mafi yawan albam ɗinta na 2015. Elvira Anderfjärd ta fito ne daga gidan Max Martin ɗin da kake taƙama da shi; tana cikin furodusoshin waƙoƙin da Taylor Swift ta sake ɗauka a 2021, kuma ita da Luka Kloser, mata biyu, suka haɗa albam ɗin Addison Rae na 2025 gaba ɗaya. Ga mawaƙiya girl in red, 'yar Horten a Norwe, da ta fara daga ɗakin kwananta.

Ɗan Kwamfuta: Elvira na ba ki, ba musu. Amma girl in red fa? Da lokacin albam na gaske ya zo a 2021, sai ga Matias Tellez a Bergen.

Injiniya: Sunansu biyu ne a matsayin furodusa, Malam, ba nasa kaɗai ba. Kuma dalilin komawa situdiyo ba ya da alaƙa da mace ko namiji. Ɗakin kwana yana yi wa kowa ƙarya. Bango biyu masu fuskantar juna suna kumbura wasu sautukan bes su haɗiye wasu, sai ka rage abin da bai yi yawa ba, waƙar ta fita a mota ba ƙashi. Amon ɗakin yana shiga makirufo, kuma duk matsewar da na faɗa ɗazu ƙara fito da shi take yi. Bargo a bayan mai rerawa yana rage wannan, ba ya maganin bes. Ganga ta gaske kuwa tana son makirufo takwas ko fiye da ɗaki mai tsayin rufi. Namijin da ya fara a ɗakinsa ma haka yake nemo abokin aiki, ba wanda ke cewa an yi masa waƙar.

Barista: Kuma kafin wani ya sake kafa hujja da abin da ya gani a Spotify: sunayen da ke wurin, kamfanin faifai ko mai rarraba waƙar ne ya shigar da su, ba wata hukuma ce ta tantance ba. Wadda ta tsara murya ko ta ƙara kiɗa ta kan faɗo a hanya. Mai son ya ƙirga da gaske ya haɗa da takardar cikin faifai da rajistar STIM ko TONO.

Ɗan Kwamfuta: To a ƙirga ɗin. A ɗauki waƙoƙi ashirin na saman jadawalin Suwidin na wannan makon, a ware marubuci daban, furodusa daban, mai miksin, wato daidaita sautuka, daban. Hajiya ta ɗauki goma na farko, ni in ɗauki sauran.

Uwar Amshi: Na karɓa, da sharaɗin a ƙara layi na huɗu na mai tsara murya.