Fitila ta zo layinmu: a fito fili, amsa-amo "ri"

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'ar zango. Jiya da magariba aka kunna fitilun titi a layinmu na Aboabo, a Kumasi ta Ghana, na ce wannan ba na shiru ba ne. Mai amsawa ya riƙe "ri".

Bismillahi na ɗauko alƙalami,
In ba 'yan zango sabon labari.
Jiya fitila ta kama a layinmu,
Dare ya koma rana a sarari.
Mai koko ta fito kafin asuba,
Ba tocila, ba tsoron ɓata-gari.
Tun 2012 muka samu asambulinmu,
Asokore Mampong, mu ma da namu tsari.
Mai cewa ba a aiki ya zo da dare,
In nuna masa da yatsa kiri-kiri.

Hajiyar Koko:
Ɗana, ka sa ni a waƙa ba ka tambaye ni ba. To karɓi canjinka.

Ɗan Aboabo ka ga haske ka ruɗe,
Kamar shinge daren ruwan fari.
Fitilarka gwata ta haska mini,
Ga ledar fiyawata jeri-jeri.
Mai kwangila ya haƙa ya bar rami,
Ya ɗau shebur ya bar mu da hadari.
In sama ta yi baƙi a watan shida,
Ni da tukunya sai tudu da wuri.

Saurayin Sawaba:
Mma Hajiya ta kashe baki! Ɗan Aboabo je ka kwanta ƙarƙashin fitilarka.

Direban Pragya:
Kai dai yi shiru. Kowa ya san bashin koko da ƙosai ne ke tafa hannu, ba kai ba.

Baƙon Nima:
Gaisuwa daga unguwar Nima a Ankara, babban birnin Ghana.

'Yan Kumasi kuna kukan gwata?
Ku zo Nima ku gai da babarta.
Tamu mutum ya faɗa sai igiya,
Taku ko akuya na tsallake ta.
Mu sai 2018 aka yanka mana,
Ayawaso ta Gabas sunanta.
Kun riga mu da shekara shida cur,
Har yau fitila kuke wa rawa da ita.

Raha a gefe: Hajiya ta yi gaskiya. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015 a Ankara, ruwa da wuta a gidan mai, sama da rai 150 suka tafi, ba ya raina toshewar magudana. Allah ya jiƙansu.

Hajiyar Koko:
Amin, ɗana.

Malam Mai Alli:
Amin. Amma kafin a yi nisa. Ɗan Aboabo, baitinka na huɗu ɗingishi yake. Ka rubuta 2012 ka ɗauka gajere ne don ido ya gan shi ƙarami. Rera shi ka ji: du-bu-bi-yu-da-go-ma-sha-bi-yu, gaɓa goma ke nan kafin ka ce komai. Waƙa da kunne ake auna ta. Kai kuma na Nima, an ce "ri" ka zo mana da "ta", ka kuma ƙara da taka shekarar. Baƙo ba ya sauya wa masu gida alƙibla.

Ɗan Aboabo:
Malam mai alli mai ƙidayar gaɓa,
Kai ka auna, mu muna ta shiri.
Shekara nawa kana gyara mana waƙa,
Ba mu ga taka ba ko ta gishiri.

Baƙon Nima:
Ni kuwa da gangan na sauya. A Ankara ba a bin layi ko a tashar tirotiro, motar haya.

Malam Mai Alli:
"Ko ta gishiri" me ke nan? Ka jawo kalma da wuya don ta ƙare da "ri". Wannan shi ake kira cikon ƙafiya.

Direban Pragya:
Malam, mu ba mu karanta arulli ba. In ta shiga kunne ta zauna, waƙa ce.

Malam Mai Alli:
Haka pragya ma, keken haya mai taya uku, in ta isa tasha ka ce lafiya, ko da taya biyu ta zo.

Saurayin Sawaba:
Malam ɗaya, Direba babu!

Direban Pragya:
Kai kam duk inda iska ta kaɗa.

'Yar Asawase:
Kun cika wuri da ƙidayar gaɓa, gwata tana nan. Bari in faɗi abin da kowa ke kewayawa.

A 2017 aka kafa asusun zango,
Muka yi guɗa muka ce ga alheri.
Ɗan giwa ya ce ga filin ƙwallo,
Ɗan lema ya ce wannan ba shi ne buri.
Ni ba giwa ba lema a ɗakina,
Ruwa in ya shigo ba ya duba kati... 

Na rasa "ri" a nan, Malam ya yi haƙuri. To ga shi ma na samu.

Direban Pragya:
Giwa da lema alamun jam'iyyu ne. Kar a kawo jam'iyya nan, Allah ya kiyaye. Bara haka aka yi mutum uku suka fice.

Malam Mai Alli:
'Yar Asawase, ɗiyata, na yafe, don ke kin san kin yi tuntuɓe. Tunda an ce ban taɓa sauka fili ba, ga guda. Ku tuna asambuliman, wakilinmu a asambuli, wato majalisar ƙaramar hukuma, mu muka zaɓe shi a Disamba 2023, ba da tutar jam'iyya ba. Shugaban asambuli kuwa shugaban ƙasa ke kawo sunansa, kashi biyu cikin uku na wakilan da suka jefa ƙuri'a su amince. An so a tambaye mu ra'ayi kan shigar da jam'iyyu zaɓen asambuli a Disamba 2019, aka soke kafin ranar.

Wanda ka zaɓa ja masa riga,
Wanda aka naɗo bi shi da haƙuri.

Ɗan Aboabo:
Malam, ɗango na farko gaɓa goma, na biyu goma sha biyu. Na ƙirga da yatsu har sau biyu.

Malam Mai Alli:
Ba yawan gaɓa kaɗai ake dubawa ba, akwai nauyinta.

Ɗan Aboabo:
Ɗazu ba haka ka ce mini ba.

Mai Aboboya (bayan kwana biyu):
Yanzu na ga wannan, data ta ƙare min. Ni ke kwasar bola a layin da aboboya, babur ɗin kaya mai taya uku, ni ba mawaƙi ba ne.

Fitilar nan ta tona asiri,
Na ga masu zuba bola a rafi da dare da bokiti, har da wani mai gemu fari.
Kuɗin bola kaɗan kun ce yawa,
Asabar a fito gayya da wuri.

Malam Mai Alli:
Ɗango na biyu ya fi aboboyar taka tsawo. Kuma masu farin gemu da yawa suke a Aboabo.

Hajiyar Koko:
Ba wanda ya kira sunanka, Malam. Asabar koko kyauta ga duk mai shebur a hannu. Saurayin Sawaba, kai sai ka biya na baya tukuna.