Na ɗora Zabbix amma har yanzu oga ne yake fara kirana

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar netwok, don Allah ku taimaka. Ina kula da netwok ɗin wata makarantar kuɗi a nan Kano, rawuta (na'urar da ke haɗa mu da intanet) ƙirar MikroTik biyu, suwich (na'urar da ke rarraba layi ga sauran na'urori) goma sha ɗaya, sai na'urorin wayfai na azuzuwa. Wata biyu kenan na ɗora Zabbix, manhajar da ke sa ido a kan netwok, a wata tsohuwar kwamfuta na haɗa shi da Telegram don ya riƙa turo min saƙo idan an samu matsala, ina ta murna na huta. Yanzu saƙo ya fi ɗari a wuni har na gaji na kashe ƙarar, kuma ranar da intanet ta ɗauke da gaske ko ɗaya bai shigo ba, oga ne ya kira ni yana faɗa. Wata manhajar sa idon, PRTG, zan koma ne ko yaya?

Baba_Kebul:
Wa alaikumus salam. Ƙanina ba manhajar ba ce matsalar, ko PRTG ka koma haka za ka sha, na kyautar ma sensa 100 (wato abubuwa 100 da za ta sa wa ido) kawai suke bayarwa, kafin ka gama da suwich uku sun ƙare. Ita manhajar sa ido maigadi ce, ihu kawai ta iya, ba ta gyara. Ka fara zama da biro da takarda ka zana me ke rataye a jikin me, sannan ka nuna wa Zabbix cewa idan babban suwich ya mutu kar ya kawo maka ƙarar yaransa, saƙo ɗaya ya isa. Kuma na rantse rabin saƙonninka na NEPA ne, tsakanin a ɗauke wuta da a tada janareta. Ka sa ya jira minti biyar kafin ya yi magana, za ka ga bambanci.

Yar_Sabar:
Malam ai dole ba ka ga saƙo ba ranar, Telegram ɗin ta wace hanya zai fita bayan layin ya mutu? 😂 Ka nema wa kwamfutar ƙaramin modem da sim na daban, ka sa mata batirin UPS nata. Sannan in SNMP ɗinka, wato hanyar da Zabbix ke tambayar na'urori halin da suke ciki, samfurin v2c ne kuma kalmar sirrin tana nan a "public" yadda ta zo, ka canza yau, v3 ya fi. Kana ajiye saitin rawutocin kuwa? Don ranar da ɗaya ta ƙone jan launin gargaɗin Zabbix da ke allo ba zai dawo maka da komai ba, mu wata manhaja mai suna Oxidized ke kwashe mana saitin tana ajiyewa.

Baba_Kebul:
Gaskiyarki. Ni babban amfanin manhajar sa ido da na gani ma tarihin da take ajiyewa ne. A Maris ɗin 2024 da kebul ɗin teku suka yanke ta wajen Kwaddibuwa, intanet ta samu matsala, shugabanmu ya dage laifina ne, sai da na buɗe masa jadawalin ya ga cikin gida lafiya lau, daga waje abin yake.

Sabon_Hannu:
Kai, wallahi maganar sim ɗin nan ko a mafarki ban kawo ba. Na duba yanzu, "public" ɗin ne kuwa. Na gode Baba, na gode Hajiya. Shi Oxidized ɗin zai zauna a kwamfuta ɗaya da Zabbix ko sai na nemo wata?